Talata: yau nas ta haɗa min lissafin jikina

Yau ma ƙarfe uku saura na farka. Ba kukan yaro, ba ƙarar komai, haka nan ido ya buɗe tar, gabana yana ta faɗuwa, muƙamuƙina a ƙage saboda ashe cikin barci cizon haƙora nake yi, Mma ma ta taɓa ce min tana jiyo ƙarar daga ɗakinta. Na kwanta ina lissafin kuɗin susu, wato adashi, da kuɗin hayan shekara biyu da mai gida yake so a dunƙule da kuɗin makarantar autana, har ladanin layinmu ya yi kiran farko.

Da niyyar kasuwa na fita. Ina isa tashar trotro a Nima, met, wato yaron mota, yana ta ihun Accra Accra, sai jiri ya ɗebe ni na dafa teburin mai koko. Baiwar Allah ta riƙe hannuna ta ce, Hajiya wallahi ba za ki hau motar nan ba, je ki a duba ki tukun. Allah ya saka mata, da ni kaɗai ce da na sha parasitamol biyu na wuce abina kamar kullum.

A asibitin unguwa aka yi min gwajin maleriya, babu. Karo na uku ke nan a bana ina zuwa da tabbacin maleriya ce ana cewa babu. Suga lafiya lau. Amma da aka ɗaura min abin awon BP sai ya nuna 152 bisa 96. Nas ɗin ƴar zango ce, Hausa muka yi, ta ce Anti lafiyayyen awo wajen 120 bisa 80 yake, in ya kai 140 bisa 90 ya zauna a nan to hawan jini ne, amma ba a yanke hukunci da awo ɗaya, sai na dawo an sake a ranaku daban daban. Sai ta ajiye biro ta ce, tun yaushe rabonki da barci mai daɗi?

Ban san lokacin da na ce tun gobara ba.

Daren 1 ga Janairun 2025 wayewar 2 ga wata kasuwarmu ta Kantamanto a Accra ta ƙone, da rumfata da dila huɗu na kayan fos, wato gwanjo, da na ɗauka bashi kafin sabuwar shekara. Mun sake kafa katako mun koma, ana ta yi mana jaje muna cewa Alhamdulillah, kuma har ga Allah na yarda da ƙaddara. Ni dai na ɗauka tunda zuciya ta yi haƙuri shi ke nan jiki ma ya haƙura. Ashe shi nasa lissafin daban yake yi.

Tana tambaya ina amsawa, kuma duk abin da ta ambata sai in ji kamar a gidanmu take kwana. Ciwon kai da yake ɗaure min goshi da ƙeya kamar an tamke ɗankwali da ƙarfi, akwai. Wuya da kafaɗa su sandare, akwai, ni a zatona ɗaukar kaya ne. Ciki yau gudawa gobe ya ɗaure, ga kumburi ko waakye kaɗan na ci. Al'ada ta rikice, wani watan ta zo da wuri wani ta tsallake. Mura ba ta ƙarewa. Mantuwa, jiya sai da na tura momo, wato kuɗi ta waya, sau biyu ga mutum ɗaya. Ga saurin fushi, wanda shi ya fi ci min rai, don autana bai yi min komai ba nake daka masa tsawa. Da na ce mata gashina ya zube sosai wajen watan Afrilu har mai kitso ta ce ko sammu ne, sai ta ce gashi yakan zube wata biyu zuwa uku bayan mutum ya shiga babban tashin hankali. Na ƙirga a yatsa, Janairu zuwa Afrilu. Na yi shiru.

Yadda ta yi min bayani, akwai wasu ƴan halittu biyu a saman ƙoda da suke sakin sinadaran adirenalin da kotisol in mutum ya firgita. Su ne suke sa zuciya gudu, jini ya hau, suga ya ƙaru a jini, tsoka ta ɗaure, aikin ciki ya dakata, don mutum ya samu ƙarfin tsira. Rahama ce in na ɗan lokaci ne, kamar ranar da muke gudu da guga muna neman ruwa. Matsalar in hankali bai kwanta ba wata da watanni, jiki ya zauna a tsaye kamar har yanzu wutar tana ci. Kotisol ya kamata ya hau da safe ya sauka da dare, to in abin ya rikice barci ya lalace, garkuwar jiki ma ta yi rauni.

Abin da ya taɓa ni shi ne kowane ciwo nasa magani na saya daban. Na kai, na ciki, na ƙarin jini, da diklofenak da nake sha ba ci ba sha don wuyan nan, wanda ta ce in daina yau yau saboda yana cin bangon ciki yana kuma ƙara BP. Ba wanda ya taɓa tambayata me ke damuna, ni ma ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Mu a zango in ka ce tunani ya yi maka yawa sai a ce ka rage imani, ni kuwa ban yarda da wannan ba, na ga mata masu tsayuwar dare a kasuwarmu da suke yawo da maganin BP a jaka.

Ba ta ce komai damuwa ce ba fa. Ta rubuta min gwajin ƙarancin jini da na tayirod, wata ƴar halitta a maƙogwaro, wai su ma suna kawo bugun zuciya da zubar gashi da gajiya. Ta kuma ja min kunne, in na ji ciwon ƙirji yana sauka hannu, ko numfashi ya gagara, ko baki ya karkace, kar in jira gari ya waye.

Ban je kasuwa ba, yarinyar rumfar kusa da ni ta duba min kaya. Bayan la'asar na taka a hankali har Maamobi na dawo, ba waya a hannu. Da daddare ƙanena ya dafa ataya ya miƙo min na ce a'a, ya kalle ni da mamaki don kofi uku nake sha kullum. Sai na zauna gaban Mma na faɗa mata yawan bashin, adadin gaskiya, wanda na ɓoye mata tun Janairu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce matso nan, ta ɗauko man kaɗe tana murza min wuya, ni kuma ina ta kuka.

Wuyan har yanzu a riƙe yake. Juma'a da safe zan koma a sake awon.