Ranar da agogon Alhaji ya tsaya a 92

Ina shekarata ta biyu da fara koyar da motsa jiki a Kano wani dattijo mai shekara 55 ya zo wurinmu. Likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini, ɗansa kuma ya saya masa agogon hannu mai auna bugun zuciya. Na yi murna da agogon nan, don a ganina ya raba ni da kirdado.

Lissafin da aka koya mana a makaranta na bi: a cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne ƙololuwar bugun zuciyarsa a minti ɗaya. Nasa 165 ke nan. Matsakaicin motsa jiki yana tsakanin kashi 50 da 70 cikin ɗari na wannan adadi, sai na sa masa burin kusan 115. Ya hau injin tafiya, agogo ya kai 92 ya tsaya. Na ƙara sauri, bai motsa ba. Na sake ƙarawa. Idona na kan lambar, ban kalli fuskarsa ba sai da na ji ya ce, "Yarona, dakata," da ƙyar, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf.

Bayan ya huta na ce, "Alhaji, wane magani kuke sha?" Ya laluba aljihu ya miƙo mini kwalin atenolol. Gabana ya faɗi. Wannan magani da 'yan uwansa irin su bisoprolol aikinsu ke nan, su hana zuciya saurin bugawa. Agogon bai yi ƙarya ba, ni ne na ɗora wa bawan Allah lissafin da ba nasa ba, kuma tambayar da ya kamata in fara da ita ce na yi a ƙarshe. Har yau idan na tuna, sai in gode wa Allah da abin ya tsaya iya haki.

Daga baya na fahimci agogon kansa ma yana da iyaka. Koren haske yake haskawa cikin fata, ya auna yadda jini ke ƙaruwa da raguwa, don haka idan ya yi sako-sako ko hannu na yawan girgiza, sai lambar ta rikice. Maɗaurin auna bugun zuciya da ake ɗaurawa a ƙirji ya fi shi daidai. Ga kuma zafinmu na Afrilu: tafiyar da mutum ya saba, idan rana ta take ko yana azumi, bugun zai haura na kullum.

Na mayar da Alhaji wurin likitansa, shi ya yanka masa iyakar da ta dace da maganin. Muka ƙara da gwajin magana: idan yana iya hira amma ba zai iya rera waƙa ba, to yana daidai. Yanzu yana cika minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, rabin sa'a sau biyar, galibi bayan sallar asuba. Agogon na hannunsa, amma ina tafiya a gefensa yana ba ni labarin kasuwar Kwari, ina sauraron numfashinsa.