Sanin tsiro tun yana ganye biyu: aikin mai rainon dashe a Maraɗi

Sana'ata rainon dashe ce. Ina da ƴar garka a gefen Gulbin Maraɗi, inda ni da yaran da ke aiki tare da ni muke cika leda da ƙasa, mu shuka mangwaro da lemo da gwaba da zogale da dogon yaro, mu raine su har su isa sayarwa, sannan muna karɓar aikin kula da garkunan gidaje da na makarantu a cikin gari. Wanda ya leƙo daga waje zai ɗauka ban ruwa ne mafi nauyin aikin, ko kuwa auren mangwaro, wato haɗa reshen wani iri a jikin wani dashe, amma abin da ya fi cin lokacina daga watan Yuni zuwa Satumba shi ne tantance abin da ya tsiro ba tare da kowa ya shuka shi ba. Da zarar ruwan farko ya jiƙa ƙasa, kowace leda da kowane fangali sai sun fitar da baƙo, kuma a cikin baƙin nan akwai wanda zai kashe dashe, akwai wanda ake miya da shi, akwai mai guba, akwai kuma itacen da in an bar shi zai fi abin da aka shuka daraja. Dokar da na kafa wa ma'aikatana ita ce kada hannu ya tuge abin da ido bai gane ba, kada kuma baki ya ɗanɗana shi.

Yawancin waɗannan tsirrai mu da kanmu muke sayo su, mu biya kuɗin amalanke a kawo mana su har gida. Takin awaki da tumaki da muke haɗa ƙasar leda da shi cike yake da iri, domin akuya tana cin ƴaƴan bagaruwa da na gawo, ƙwayar kuma tana da tauri, sai ta ratsa cikin dabbar ta fito ɓawonta ya yi laushi, a shirye take ta tsira fiye ma da wadda aka tsinto a gindin itacen. Ƙarangiya da kashin yawo a gashin dabba suke maƙalewa su faɗa cikin turke, daga nan su bi taki. Yashin da muke ɗebowa a gulbi shi ma da nasa kayan yake zuwa, saboda ruwan yana gangarowa ne daga ɓangaren Najeriya a damina, yana kwaso saiwoyi da iri daga duk fadamar da ya ratsa. Irin da ake aunawa a tiya ko gwangwani a kasuwa kuwa da wuya ka same shi babu gauraye. Saboda haka idan na ga baƙon tsiro, kafin in tambayi sunansa sai na tambayi yaran daga wane turke aka kawo takin wannan layi, domin amsar takan rage mini rabin bincike.

Tsiro ƙarami ba ya da fure, kuma fure shi ne abin da ya fi saurin bayyana asalin shuka, don haka dole mai wannan sana'a ya koyi aiki da abin da ya samu. Nakan fara da ganyen farko, in ga ko guda ɗaya ne siriri irin na dangin ciyawa da hatsi, ko kuwa biyu ne masu fuskantar juna. Daga nan sai in murza karan tsakanin yatsu biyu in ji ko zagayayye ne ko mai kusurwa, in karya ganye in ga ko zai fitar da farin ruwa kamar yadda nonon kurciya da tumfafiya suke yi, in murje shi in sansana, a ƙarshe kuma in sa tsinke in tono saiwar a hankali ba tare da ta tsinke ba. A ganina saiwa ta fi ganye faɗin gaskiya, kuma ita ce mutane suka fi bari a ƙasa idan za su kawo mini tsiro in duba musu.

Aya-aya ce misalin da ya fi nuna haka, kuma ita ce babbar abokiyar gabar duk mai garka a fadama. Jihar Maraɗi ce kan gaba wajen noman aya a Nijar, musamman wajen Agiye da Madarumfa, don haka mutanenmu sun saba da ganyenta, kuma idan suka ga mai kama da ita a garka sukan ce ai aya ce ta faɗi ta tsira, a bar wa yara. A sama kusan babu bambanci, domin dukansu karansu kusurwa uku ne, ganyensu kuma yana sheƙi. A ƙasa ne ake rabuwa. Ayar ci tana ajiye ƙwaya ɗaya a ƙarshen kowace saiwa, mai haske, mai ɗan zaƙi, ita kuwa aya-aya ƙwayoyinta baƙaƙe ne masu ɗaci da ƙamshi mai ƙarfi, a jere suke bisa wata siririyar jijiya mai tauri, ɗaya na riƙe da ɗaya kamar carbi. Idan ta yi kai, nata ja ne mai duhu, na ayar ci kuwa ruwan ɗorawa ne. Amfanin gane ta da wuri shi ne a san cewa hauya ba ta kashe ta, sai ma ƙara mata yawa, domin duk inda aka tsinke jijiyar, ƙwayar da ke barci a ƙasa sai ta farka ta fito da sabon kai. Abin da muke yi shi ne mu tone fangalin da zurfi a lokacin bazara, mu tsince ƙwayoyin da hannu, mu baje ƙasar rana ta gasa sauran, ledar da ta fito a ciki kuma mu juye ta gaba ɗaya mu sake wa dashen ƙasa. Aiki ne mai cin kuɗin ƙwadago, amma dashen da aka sayar da aya-aya a gindinsa ya kai wa mai saye masifar da zai shekara yana fama da ita, kuma ba zai manta daga garkar wa ta fito ba.

Tafasa ba ta da wannan sharri, sai dai tana ruɗar sabon ma'aikaci ta fuska biyu. Tana ƙarama takan yi kama da gujiya, har sai an ƙirga ƙananan ganyen da ke jikin reshe, na gujiya huɗu ne, na tafasa shida, masu faɗi da zagayayyen baki. Tana kuma kama da ƴar'uwarta rai-ɗore, wadda ganyenta ya fi yawa a reshe, bakinsa mai tsini ne, warinsa kuma ya fi ƙarfi idan an murje shi, ɗanyun ƴaƴanta ma suna cutar da dabba idan ta ci da yawa. Tafasa abinci ce, ana kwaɗonta ana miyarta, kuma ita da gasaya da lalo da yoɗo da rukuɓu nakan sa a bar su a bakin shinge inda ba za su tsone wa dashe ido ba, domin matan unguwa suna zuwa su tsinka, wasu ma su kai kasuwa. Ban ga dalilin da zai sa in biya yaro ya nome abin da maƙwabciyata za ta sa a tukunya ba.

Inda na fi tsananta wa shi ne garkunan gidaje, saboda akwai yara ƙanana. Wata Hajiya da muke kula da garkarta ta taɓa jan hannuna zuwa bayan ɗaki, ta nuna mini wani tsiro mai faɗin ganye da ta kewaye da duwatsu tana ba shi ruwa, ta ce, “Malam, ga gauta ta fito mini da kanta, yaushe za ta fara ƴaƴa?” Na tsinki ganye ɗaya na murje na miƙa mata, na ce, “Hajiya, sansana ki ji.” Ta kawar da kai saboda wari. Zaƙami ne, wanda wasu ke kira haukata-yaro. Danginsu ɗaya da gauta da tumatir, shi ya sa suke kama suna ƙanana, amma shi idan ya girma yakan yi dogon fure mai siffar kakaki, ɗansa kuma dunƙule ne mai ƙaya a jiki cike da ƙwayoyi, kuma tun daga ganye har ƙwaya guba ne mai gusar da hankali, wanda yake iya kai mutum lahira. A ranar muka tuge shi muka ƙone, na kuma duba inda aka zuba sauran takin da ya zo da shi.

Wanda duk dabarun nan suka kasa bayyana mini shi, ba na yanke masa hukunci. Akwai wata kusurwa a ƙarshen garkar, nesa da layukan dashe, inda muke ajiye irin waɗannan a leda ɗaya ɗaya, mu rubuta ranar da aka gan su da inda takinsu ya fito, mu ba su ruwa har su yi fure. Sharaɗin kawai shi ne kada a bar ko ɗaya ya zubar da iri. Da ya yi fure sai in yanki reshe in matse shi tsakanin tsofaffin jaridu, in ɗora bulo a kai har ya bushe, in manna shi a littafin da sababbin ma'aikata suke koyo da shi.

Masu ba ni amsa kuwa yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba. Tsofaffin mata masu sayar da ganye a kasuwa sun fi kowa sanin abin da ake ci da wanda ba a ci, kuma idan na kai wa ɗaya daga cikinsu tsiro na ce, “Inna, duba mini wannan,” ba ta tsayawa kan suna, sai ta gaya mini lokacin da yake fitowa da irin ƙasar da yake so da yadda ake dafa shi. Ciyawa kuwa sai Fulani makiyaya, waɗanda suke rarrabe harkiya da guɗe-guɗe da burburwa da ƙyasuwa tun ba su fi tsawon yatsa ba, alhali ni a wannan matakin duk kore ɗaya nake gani. Idan abin ya shafi itace nakan nemi ma'aikatan gandun daji, idan kuma ya gagari kowa akwai masana a cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna kusa da Maraɗi da kuma Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Yaran aikina sun fi son su ɗauki hoto da waya su tambayi manhajar PlantNet ko ta Google Lens, kuma ban hana su ba, domin idan tsiron ya yi fure manhajar takan kusanci gaskiya. A kan tsiro mai ganye biyu dai sau da yawa takan kawo sunan wata shuka ta Turai ko ta Amurka wadda ba ta taɓa ganin ƙasar Maraɗi ba, don haka amsarta a wurina mafarin tambaya ce, sai an tabbatar da ita a bakin wanda ya san dajin nan.

Abin da ya fi damuna a ƴan shekarun nan shi ne yadda maganin feshi ya sa mutane suka daina tambaya. Ana shigo da shi ta kan iyaka, ana sayar da shi a kowace kasuwa, kuma mai garka yakan ɗauka ya huta da sanin ciyawa tunda ga abin da zai ƙone ta duka. Irin su glifosat ba sa zaɓe, duk koren ganyen da suka taɓa sun taɓa shi, ko na ciyawa ne ko na ɗan mangwaron da aka yi wata da watanni ana raino, kuma iska kaɗan ta isa ta kai feshin inda ba a nufa ba. A tsakanin leda ba na yarda a yi feshi ko kaɗan, hannu ne kawai.

Akwai kuma ribar da mai gaggawar tugewa yake asara. Ɗan gawo ko magarya ko aduwa ko kalgo da ya fito a taki, idan aka gane shi aka mai da shi ledarsa, dashe ne da ba a sayi irinsa ba, kuma yana da masu nema. A jihar Maraɗi ce aikin da manoma ke kira sassaben zamani ya samo tushe, tun daga 1983 lokacin da Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, ya fara jan hankalin mutane cewa ƙananan tohon da suke sassabewa a gona kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, waɗanda in an rage musu rassa aka bar mafi ƙarfi za su koma itace. Manomin Maraɗi ya san darajar gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma yi kore da rani lokacin da dabba ba ta da abin ci. Masu zuwa neman irin waɗannan itatuwa don cike gurbi a gonakinsu su ne sukan kawo mini tambayoyin gona, kamar yadda za a rabu da garmani da ya cinye makiyaya da burtali, ko ƙuduji da ke shanye hatsi da dawa. Game da ƙuduji amsata ba ta canzawa. Yana manne wa saiwar hatsi ya yi makonni yana tsotsa kafin ya leƙo sama, don haka lokacin da aka ga furensa ya riga ya yi ɓarna, abin da ya rage shi ne a hana shi zuba, domin tushe ɗaya yana fitar da dubban ƙwayoyi ƙanana kamar ƙura, masu iya zama a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran saiwar da za su kama. A tuge shi da fara fure, a fitar da shi daga gonar a ƙone, kada a jefar da shi a kunya ko a zuba wa dabbar da za a kwashi takinta, sannan a ƙara wa wurin taki, a kuma juya shi zuwa gujiya a damina mai zuwa.