Abin da rigimar lib64 ta koya mini

A makon nan na ajiye aiki a sashen da muke gina babbar manhajar Linux tamu daga tushe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rigimar folda biyu, /usr/lib da /usr/lib64, inda ake ajiye laburare, wato fayilolin lambar da shirye-shirye ke amfani da su tare.

Na'urorinmu duka x86_64 ne, wato masu bit 64, ba mu da shiri ko ɗaya mai bit 32. Raba lib da lib64 kuwa an yi shi ne don tsarin da ke ɗaukar nau'i biyun tare, irin na Fedora, wani nau'in Linux. Tun farko na ce wa oga mu tara laburare duka a /usr/lib, mu bar /lib64 saboda mahaɗin ld-linux-x86-64.so.2 kawai, wanda ke haɗa shiri da laburarensa in an kunna shi. Wannan ba ya taɓuwa, domin adireshinsa a rubuce yake cikin shirye-shiryen da ke dogara da glibc, babban laburaren C na tsarin. In ya ɓace, kwamfuta za ta ce babu fayil ɗin shirin alhali ga shi kana gani. Haka Linux From Scratch, littafin koyar da gina Linux daga tushe, ke yi, har da gyara fayil ɗin t-linux64 na GCC, manhajar da ke mayar da lambar tushe zuwa shiri, don kada ya zuba nasa a lib64. Oga ya ce ɓata lokaci ne, a bar kowane kunshin manhaja ya sauka inda ya saba.

Suka kuwa sauka, kowanne bisa kayan ginin da yake amfani da shi: autotools, CMake ko Meson. Masu autotools suka nufi lib, CMake ya zaɓi lib64, shi kuma Meson da ya tarar /usr/lib64 folda ce ta gaske sai ya bi sahu. Ba a ga illar ba sai da muka koma OpenSSL 3.0, laburaren ɓoye bayanai wanda ya fito a 2021 kuma yake sauka a lib64 in ba a hana shi ba. Tsohon 1.1.1 yana zaune a /usr/lib, fayilolinsa na .pc su pkg-config, mai nemo laburare lokacin gini, ke fara gani, don haka duk abin da muka gina bayan nan da tsohon ya haɗu, wanda aka daina tallafa wa a Satumban 2023. Babu abin da ya faɗi, babu kuskuren da ya fito, shi ya sa abin ya daɗe.

Da masu binciken tsaro suka gano, a gaban kowa oga ya ce sakacina ne, tunda ni na gina kunshin. Saƙon da na tura masa tun farko yana nan, amma bai bari an buɗe shi ba.

Shawarata ga wanda zai gaje ni: ka yanke tsarin folda kafin ka gina GCC, ka rubuta --libdir, zaɓin da ke faɗin inda laburare za su sauka, da hannunka a kowane kunshi. Ka riƙa duba sakamako da ldd da readelf, masu nuna laburaren da shiri ya haɗu da su. Gargaɗin da ka yi wa na sama da kai, ka yi shi a rubuce, ka sa mutum na uku a ciki.

Yanzu an tara komai a /usr/lib kamar yadda na ce, da rubutun ginin da ni na tsara. Sunan oga ne a kan rahoton gyaran.