Dusar farko ta sauka: inda aka kwana a shirin hunturu

'Yan'uwa masu koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara, wato wasan ski, bana dusar ƙanƙara ta sauka da wuri, kuma da yawa. Duwatsu sun yi fari fat tun Nuwamba bai raba ba, jikin kowa na rawa ya ɗauko allunan zamiya. Murnar tana da hujja, domin in sanyi ya riƙe, wannan ce shimfiɗar da sauran dusar hunturu za ta kwanta a kai. Sai dai sabuwar dusa galibinta iska ce. A kiyasi, santimita 10 in ta narke, santimita 1 na ruwa take bayarwa. Tunda ba ta dannu ba tukuna, allo yakan nutse har ƙasa ya ci karo da dutse ko kututturen da ido bai gani ba. Shi ya sa a makonnin farko tsofaffin alluna ake fita da su, sababbi su jira.

Aikin wannan mako na kan teburin gyara ne. A fara kankare kakin ajiyar da aka shafa ƙarshen kakar bara, da makankarin roba, daga goshin allo zuwa wutsiya, sannan a bi da buroshi. Ƙarfen da ke gefen allo a duba kaifinsa da farce. In farce ya wuce sumul bai ɗan fere ba, kaifi ya tafi. Ga mai koyo, digiri 1 a ƙasa da digiri 88 ko 89 a gefe sun wadatar, kuma da ma'aunin kusurwa ake jan magagari, ba da ƙiyasin hannu ba.

Ƙarzunan da dutse ya yi wa cikin allo, wato ƙasansa da ke taɓa dusa, ana cike su da sandar P-Tex, wata roba da ake narkarwa da wuta. A kunna ta, a riƙe ta daf da allon har wutar ta zama ƙarama shuɗiya. In ta yi ja tana hayaƙi, toka ce ke shiga ramin, kuma cikon zai ɓalle tun fitar farko. A bari ya huce, a fere da makankarin ƙarfe. Ramin da ya kai ga katakon ciki kuwa na shagon gyara ne.

Wajen shafa kaki aka fi yin ɓarna. Ƙwayoyin sabuwar dusa mai sanyi suna da tsini, suna cin kaki mai taushi, don haka mai tauri na sanyi ake so. Zafin guga yana rubuce a jikin kwalin kakin, yawanci tsakanin digiri 120 da 150 na Celsius. Hayaƙi alama ce zafi ya wuce kima, kuma gugar da ta tsaya wuri guda tana ƙona cikin allo, ƙunar da ba ta gyaruwa da kaki. A bar shi ya huce aƙalla minti 30, a kankare har a ga kamar babu saura. Wanda ya shige cikin allo shi ke aiki. Na saman birki kawai yake zama.

Maƙalar takalmi a kai ta wa gwani ya gwada. Lambar DIN, wadda ke nuna ƙarfin da maƙalar za ta saki takalmi in an faɗi, ta dogara da nauyi, tsayi, shekaru, tsawon tafin takalmi da irin zamiyar mutum, ba a aron ta maƙwabci.

A cikin dusa mai zurfi, ƙafafu su ɗan matso kusa, nauyi ya rabu kusan daidai a kansu biyu. Jingina baya, da ake cewa tana ɗaga goshin allo, cinyoyi kawai take gajiyarwa ta kuma ƙwace iko da juyi. Ɗan gudu shi ke sa allo ya taso.

A waje da hanyoyin da aka shata kuma batun zaftarewar dusa ne. Ƙasa tana kusa da digiri 0 alhali iska ta fi haka sanyi ƙwarai. Idan dusar farko ta zauna siririya cikin darare masu garau, bambancin zafi ya kai digiri 1 a kowane santimita 10, ƙwayoyinta sukan koma kamar sukari, ba sa kama juna. Dusa mai nauyi ta hau kan wannan, raunin yana iya kwana a ƙasa makonni, wani lokaci har ƙarshen hunturu. Galibin zaftarewa tana tashi ne a gangaren digiri 30 zuwa 45. Sanarwar haɗari hawa biyar ce, kuma hawa na 3 ba abin rainawa ba ne. Kowa ya ɗauki shebur, sandar caka da na'urar gano wanda dusa ta binne, a sa mata sababbin batura. Damar tsira tana faɗuwa sosai bayan kamar minti 15, don haka atisayen mako mai zuwa shi ne a binne na'ura ɗaya cikin jaka, a duba agogo, a ga minti nawa za a ɗauka kafin shebur ya taɓa ta.