Tsohuwar mashayar titin Fleet

Jiya bayan mun tashi aiki abokan aikina suka ja ni Ye Olde Cheshire Cheese, wata tsohuwar mashaya da ke cikin lungu a jikin titin Fleet, nan Landan. Ni ba na shan giya, sun kuma sani. Amma ga Bature mashaya ita ce majalisa, can ake hira, can ake sallamar wanda zai bar aiki, to na bi su.

Ginin ya burge ni ƙwarai. Babbar gobarar Landan ta shekarar 1666 ta cinye na farko, aka sake gina shi a 1667. Ciki duhu-duhu, katakon bango ya yi baƙi don tsufa, ga wuta na ci a murhu. In za ka sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, dole ka sunkuya.

Giyarsu ta kamfanin Samuel Smith ce daga yankin Yorkshire a arewacin Ingila: akwai mai ɗaci ruwan ƙasa da ake zuƙowa daga ganga da famfon hannu, akwai baƙa ƙirin mai kumfa, har da ta tuffa. A wajen kanta ake saye, kuma mutum ɗaya ke biya wa kowa, anjima wani ya karɓa. Lemona ma haka aka sa shi cikin lissafi, babu wanda ya tsare ni da tambaya, abin ya yi min daɗi wallahi.

Naman ban taɓa ba, tunda ba yankan Musulmi ba ne. Soyayyen kifi da dankali na ci, sai da na fara tambaya ko an kwaɓa fulawar da giya, don wasu wuraren haka suke yi.