Godiya ga waɗanda suka tsaya min har na kammala karatun kula da otal

Alhamdulillahi, an yaye mu, takardar difloma ta zo hannu. Saƙonnin taya murna sun fi ƙarfin in amsa su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in yi godiyar a nan.

Baba ne a gaba. Lokacin da wasu cikin dangi ke cewa wai a kashe kuɗi yarinya ta je kwaleji koyon girki, bai tanka wa kowa ba, kuɗin rajista kawai ya miƙo min. Allah ya ƙara girma, Baba. Umma kuwa ta sha wankin farar riga da gugarta, Allah ya saka mata da aljanna.

Da masu maganar sun leƙa ajinmu, da sun tarar lissafi ya fi girki yawa. Malamar da ta koyar da mu harkar ɗakuna ba ta gajiya da nanata cewa ɗakin da ya kwana babu baƙo, kuɗinsa ya tafi ke nan, ba haja ba ce da za a ajiye a sayar gobe. A wurinta na iya fitar da kason ɗakunan da suka cika, da abin da kowane faranti ya ci kafin a sa masa farashi. Na gode, Malama.

Malamin kicin ɗinmu mutum ne mai tsanani, kuma na fi kowa ƙorafi a kansa a bayan ido. Ma'aunin zafi ba ya barin aljihunsa. Abincin da ya daɗe tsakanin digiri 5 da 60 zubar da shi yake sa a yi, komai kyansa, don a nan ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Jan katakon yanke-yanke na ɗanyen nama ne, kore na ganye, wanda ya haɗa su ya sake wanki daga farko. Idan muka cunkushe wuri guda sai ya tuna mana Escoffier, shahararren kukun Faransa, wanda ya karɓi kicin ɗin otal ɗin Savoy na Landan a 1890, ya raba aiki sashe-sashe, mai miya daban, mai gashi daban. Malam, Allah ya biya.

Amma waɗanda suka fi tsaya min a rai ba su da ofis. Ina nufin ma'aikatan otal ɗin da na yi sanin makamar aiki. Wata baba mai gyaran ɗakuna ta kama hannuna ta nuna min yadda ake lanƙwasa kusurwar zanin gado ta tsaya cak, ta koya min duba ƙarƙashin gado da bayan ƙofar banɗaki, da ƙwanƙwasawa kafin shiga ko da takarda ta nuna babu kowa a ciki. Mai sito ya sa ni rubuta kwanan wata a jikin kowane kwali, wanda ya riga shigowa shi ke riga fita. Masu wanke-wanke, da ake tashi a bar su tsaye, su suka riƙa ajiye min abinci ranar da aiki ya hana ni zama.

'Yan ajinmu, an sha tsayuwa tare, Allah ya ba kowa wurin aiki na alheri. Wanda ke da hotunan ranar yaye don Allah ya turo min, wayata ta mutu tun kafin a kira sunana.