Yadda na canja dutsen agogon mahaifina a Kumasi

Agogon Seiko 5 ne da mahaifina ya sayo a Makka lokacin da ya je aikin Hajji. Bayan rasuwarsa ya dawo hannuna, amma da wata matsala: in na ajiye shi fuska sama yana tafiya, in na kife shi sai ya tsaya cak. Na kai wa masu canja batir biyu a Kejetia, duk suka ce ba aikinsu ba ne. Daga ƙarshe aka yi mini kwatancen wani dattijo a Aboabo mai ɗan teburi a bakin shago.

Ya buɗe bayan agogon, ya maƙala gilashin ƙara gani a ido, ya daɗe shiru. Sannan ya miƙo mini gilashin ya ce, "Ɗana, duba nan." Na ga wani jan ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba, da rami a tsakiyarsa, tsaga ta ratsa shi kamar gashi. Na ce, "Masta, a bar ni in gyara da hannuna." Ya ce to, amma sai na wata uku ina kwance matattun agoguna ina mayarwa.

A wannan zaman na gane abin da rubutun 17 na fuskar agogon yake nufi. Duwatsu ne na yakutu guda 17, kuma ba don ado aka sa su ba. A cikin ramin yawancinsu tsinin wili, wato ƙaramin faifai mai haƙora na cikin agogo, yake juyawa. Yakutun ma haɗa shi ake yi a masana'anta, bisa hanyar da wani Bafaranshe, Auguste Verneuil, ya bayyana a 1902. Taurinsa 9 ne a ma'aunin da lu'ulu'u yake da 10, shi ya sa ƙarfe ba ya cinye shi, ga shi agogon yana bugawa sau 21,600 a awa ɗaya. Sai dai taurin nan bai hana shi fashewa in agogo ya faɗi a siminti.

Sabon dutse ba a samunsa a kasuwa nan kusa. Daga wani mataccen Seiko irinsa muka ciro. Na farko ya yi tsalle daga bakin hantsaki saboda na matse shi da ƙarfi. Na ɗauko maganaɗisu zan bi ƙasa, Masta ya ce in ajiye, ba ya kama yakutu. Muka share wurin har la'asar, ba mu gan shi ba. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, don na san darajar abin a wurinsa.

Na biyun ne ya koya mini aikin. Akwai injin matsa dutse ƙirar Seitz a wurin Masta, tsoho, mai ma'aunin da ke ƙirga kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ƙa'ida ita ce ka auna zurfin tsohon dutse kafin ka turo shi waje, don sabon ya zauna daidai inda wancan ya tashi. Ɗoki ya sa na tsallake wannan. Na daidaita shi yadda gefen mai kwarmin mai yake kallon waje, na danna, ya shige lafiya lau. Da na ɗaure gadar sama, wato ƙarfen da ke riƙe wili ta sama, sai wili ya ƙi motsi. Na shige da dutsen ciki fiye da kima, ya shaƙe shi.

Masta bai karɓe aikin daga hannuna ba. Ya ce, "Ɗaga wilin da hantsaki. Dole ka ga yana ɗan rawa sama da ƙasa, kaɗan, kamar numfashi." Na juya farantin da dutsen yake ciki, na mayar da dutsen baya kashi biyu, na gwada, na ƙara ɗaya. Sai da na kwance na ɗaure sau biyar. A na ƙarshe na hura wa wilin iska da 'yar roba, ya juya shi kaɗai har ya gaji ya tsaya a hankali.

Mai kuwa ɗigo ɗaya ne a bakin allura. Masta ya ja mini kunne cewa in ya yi yawa, ƙurar hunturu za ta haɗu da shi ta zama kamar yashi mai cin tsinin wili.

Na kife agogon a kan teburin muka tafi sallar magariba. Da muka dawo na kara shi a kunne, yana nan yana bugawa. Masta ya ce in bar shi a kife har gobe, sannan mu gwada shi a tsaye.